Yadda Ake Ziyartar Ramukan Yaƙi na Ku Ci a Biyetnam

Ɗan jagoran, cikin koren kakinsa, ya tsayar da mu a wani fili cikin kurmi, ya ce mu nemo ƙofa. Mu wajen goma sha biyu muka yi ta zare ido a ƙasa, ba abin da muke gani sai busasshen ganye. Da ya ga mun gaji, sai ya sa ƙafa ya share ganyen da ke gabana. Ga wani murfin katako nan, bai fi babban allon almajiri ba. Ya ɗaga shi, ya zura ƙafafunsa a ramin, ya barbaɗa ganye a kan murfin, ya ɗora shi a tafukansa sama da kansa, ya nutse. Kafin ka ce kwabo ƙasa ta haɗiye shi, wurin ya koma kamar ba a taɓa taka shi ba.

Wannan wuri shi ne Ku Ci, wanda a allunan hanya da takardun tafiya za ka ga an rubuta Cu Chi. Yana arewa maso yammacin birnin Ho Chi Minh, wanda har yau mazaunansa suka fi kiransa da tsohon sunansa, Saigon. Idan kasuwanci ko karatu ko yawon buɗe ido ya kai ka kudancin Biyetnam, rana guda ta isa ka je ka dawo. Amma ziyara ce da ake yi da gwiwa da ƙirji, don haka shirinta ya bambanta da na zuwa gidan tarihi.

Fara da sanin abin da za ka je gani

Wanda ya je bai san labarin ba, rami kawai zai gani, ya dawo yana cewa an ɓata masa wando. Saboda haka ga shi a taƙaice.

An fara haƙa ramukan a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da mayaƙan Biyet Min ke fafatawa da Turawan mulkin mallaka na Faransa. A wancan lokacin ƙananan maɓoya ne, kowane ƙauye da nasa, inda ake ɓoye takardu da makamai da mutanen da ake nema. A shekarun 1960, da yaƙi ya sake kunno kai tsakanin mayaƙan Biyet Kong ƴan kwaminisanci da gwamnatin Biyetnam ta Kudu, kuma Amurka ta shigo da ƙarfinta a bayan gwamnatin, sai mayaƙan suka riƙa haɗe na wannan ƙauye da na wancan, har tsawonsu gaba ɗaya ya haura kilomita 200. Hawa uku ne: na sama kamar mita 3 a ƙarƙashin ƙasa, na tsakiya wajen mita 6, na can ƙasa kuwa yakan kai mita 8 zuwa 10. A ciki akwai ɗakunan taro, da wurin jinya, da rijiyoyi, da rumbunan shinkafa, da wurin ƙera makamai.

Abin da zai ba duk wanda ya taɓa ganin ana haƙa rijiya mamaki shi ne kayan aikin. Ƴar gajeriyar fartanya ce da kwandon gora, shi ke nan. Ƙasar wurin jar ƙasa ce mai yumɓu, danginta ɗaya da marmarar da muka sani: da damina tana laushi a haƙa, idan ta bushe ta zama kamar siminti, ba ta buƙatar tokari. Babbar wahalar ma ita ce inda za a kai ƙasar da aka fitar, domin tulin sabuwar ƙasa shi ne zai tona asiri ga jirgin da ke shawagi. Da dare ake kwashe ta a zuba a kogi, ko a gonakin shinkafa, ko a cikin ramukan da bama-bamai suka bari.

Amurkawa sun yi iya yinsu. A Janairun 1966 suka kawo farmakin da suka kira Crimp, da sojojinsu da na Ostireliya kimanin 8,000. A Janairun 1967 suka dawo da wani mai suna Cedar Falls, da sojoji wajen 30,000, inda suka kwashe mutanen ƙauyen Ben Suc suka rushe shi. Sun kafa babban sansanin runduna ta 25 a Ku Ci, sai daga baya suka gane cewa akwai ramuka a ƙarƙashin ƙafafunsu. Sun tura karnuka, sun hura hayaƙi mai guba, sun kwarara ruwa, sun zaɓo sojoji masu ƙaramin jiki suna tura su ciki da tocila da ƙaramar bindiga, waɗanda aka yi wa laƙabi da ɓerayen rami. Duk da haka, wannan yanki na cikin wuraren da aka shirya harin Tet, wato na lokacin bikin sabuwar shekararsu, na farkon 1968 a kan Saigon. Sai a ƙarshen shekarun 1960, da manyan jiragen B-52 suka yi wa yankin luguden wuta, aka ruguza kaso mai yawa na ramukan.

Ka lura da abu ɗaya: a can ba a cewa yaƙin Biyetnam. Yaƙin Amurka suke cewa. Labarin da za ka ji a Ku Ci na wanda ya ci nasara ne, gwamnati ce ke kula da wurin, kuma ba su ɓoye ɓangaren da suke ba.

Takardu da hanyar isa ƙasar

Wannan ba sai an tsawaita ba. Tun daga Agustan 2023 Biyetnam ta buɗe bizar intanet ga ƴan kowace ƙasa, mai iya kai wa kwana 90. Ka cike ta da kanka a shafin hukumar shige da ficen ƙasar, ka guji shafukan dillalai masu kama da na gwamnati, waɗanda ke ninka kuɗin. Ka tabbata sunanka ya fito daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi, kuma filin jirgin da ka rubuta shi ne wanda za ka sauka. Ka buga ta a takarda, kada ka dogara da waya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara. Mai neman ƙarin bayani, akwai ofishin jakadancin Biyetnam a Abuja.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar, sai an yada zango, galibi a Doha ko Istanbul ko Dubai. Filin jirgin birnin shi ne Tan Son Nhat. Agogonsu ya riga na Kano da Yamai da awa 6, don haka kada ka sa ziyarar Ku Ci washegarin saukarka. Ka ba jiki kwana ɗaya ko biyu ya dawo daidai, domin mai jin barci da jiri ba shi da abin yi a cikin rami.

Kuɗinsu dong ne, dala ɗaya tana haura dong dubu 25. Sifili sun yi yawa a jikin takardun, kuma ta 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne. Ka duba da kyau kafin ka miƙa. Ni na taɓa miƙa babbar a kan kwalbar ruwa, Allah Ya sa matar mai gaskiya ce, ta bi ni da gudu.

Game da lokaci, kudancin Biyetnam yana da rani daga Disamba zuwa Afrilu, damina kuma daga Mayu zuwa Nuwamba. Disamba zuwa Fabrairu sun fi daɗi. Maris da Afrilu zafi ne mai gumi, ba irin busasshen zafinmu ba, rigarka za ta jiƙe kana tsaye. Da damina ana zuwa, sai dai ruwan yakan sauko da yamma, ga taɓo, ga sauro.

Ben Dinh ko Ben Duoc?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin ba su san wuri biyu ba ne aka buɗe wa baƙi.

Ben Dinh ya fi kusa, kimanin kilomita 50 daga tsakiyar birni. Nan kusan duk motocin ƴan yawon buɗe ido suke zuwa. An faɗaɗa raminsa saboda baƙi masu jiki, an sa ƴan fitilu, komai a tattare yake cikin ɗan fili, awa biyu sun isa. Aibinsa cinkoso. Idan ka isa bayan ƙarfe 10 na safe, za ka tarar da ayari bayan ayari, kowa na jiran layin ɗaukar hoto a bakin rami ɗaya.

Ben Duoc yana da nisan kilomita 70 ko kusan haka. Ya fi girma, ya fi shiru, ƴan ƙasa da ɗalibai sun fi zuwa can. A lokacin yaƙi nan ne mazaunin shugabannin mayaƙan yankin Saigon da Gia Dinh, lardin da ke kewaye da birnin a lokacin. Ramukansa sun fi matsi, kuma a nan ne aka gina babban zauren tunawa da waɗanda suka mutu, wanda aka buɗe a 1995, da sunaye sama da dubu 40 a jikin bango.

Shawarata: idan kana da yini guda kuma jikinka lafiya lau, je Ben Duoc. Idan rabin yini kake da shi, ko kana tare da dattijo ko yara, ko kai mai jiki ne, Ben Dinh ya wadatar, amma ka yi sammako. Lokacin da za ka biya kuɗin tafiya, ka tambaya ƙarara wanne za a kai ka. Idan aka ce maka Ku Ci kawai, to Ben Dinh ne.

Yadda za ka isa wurin

Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga ayari. Kowane otal da ofisoshin tafiye-tafiye na unguwar Pham Ngu Lao suna sayar da tikiti, mota ta ɗauke ka da safe ta dawo da kai. Ka nemi ƙaramin ayari, mutum goma zuwa sha biyu. A babbar bas mai mutum arba'in, ɗan jagora yana magana kana baya, ba abin da za ka tsinta. Ka tambaya ko kuɗin shiga yana cikin abin da ka biya. Ka kuma sani cewa yawancin motocin sukan tsaya a hanya a wani wurin sana'ar hannu inda naƙasassu ke yin zane da ƙawata kayan katako, ana gabatar da su a matsayin waɗanda gubar da aka fesa lokacin yaƙi ta shafa. Ba dole ne ka saya ba. Wasu ayarin sukan haɗa da wurin ibadar mabiya addinin Cao Dai a Tay Ninh. Wannan yana mai da tafiyar ta yini cur, rabinsa a cikin mota, kuma sai rana ta take za ku isa ramukan.

Hanya ta biyu, bas ɗin gari, ita ce mafi araha. Ka je tashar da ke dandalin 23/9, kusa da Pham Ngu Lao, ka hau bas mai lamba 13 har tashar Ku Ci, daga nan ka hau mai lamba 79, ka ce wa kwandasta Ben Duoc. Gara ka rubuta sunan a takarda ka nuna masa, domin harshensu na karin sauti ne, ya ma fi Hausa tsanani a wannan fanni, yadda ka faɗa ba lalle ya gane ba. Ka ware awa biyu da rabi zuwa uku a kowace tafiya, ka riƙe canji, kuma kana sauka ka tambayi lokacin bas ta ƙarshe.

Ta uku, ku yi shatar mota idan kun kai ku uku ko huɗu. Manhajar kiran mota ta Grab tana aiki a birnin, amma samun motar dawowa daga can yana da wuya, don haka ku yi ciniki da direba ya jira ku. Akwai kuma jirgin ruwa mai gudu da ke bin kogin Saigon zuwa Ben Dinh. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai yana raba ka da cinkoson titi, kuma yakan isa kafin manyan motoci.

Ana buɗe wurin da ƙarfe 7 na safe a rufe da 5 na yamma. Kuɗin shiga bai kai dala 10 ba. Ka riƙe tsabar kuɗi.

Abin da za ka sa da abin da za ka ɗauka

Ka bar shadda da farar jallabiya a otal. Jar ƙasar nan idan ta kama farin yadi, sai dai haƙuri. Ka sa wando mai duhu, mai sakewa a gwiwa, da riga mara nauyi, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Silifas zai fita daga ƙafarka a cikin rami, kuma ba wurin juyawa ka ɗauko shi. Doguwar riga takan shiga ƙarƙashin gwiwa ta riƙe ka. Hula ma a cire, rufin zai tuɓe maka ita.

Ga mata, babu mai hana ki shiga da hijabinki, amma dogon hijabi mai jan ƙasa haɗari ne a ciki, za ki taka shi ko na bayanki ya taka. Ki sa ƙaramin mayafi mai kama kai, ki soke shi cikin riga, da wando mai faɗi a ƙarƙashin riga mai kai wa gwiwa. Ki riƙe babban a jaka, kina fitowa ki mayar.

Sai ruwan sha aƙalla lita ɗaya da rabi, da maganin sauro na shafawa, da ƙaramin tawul. Jakar goyo babba ba ta shiga, za ta riƙa gogar rufi. Ka bar ta a mota ko wajen wanda ba zai shiga ba. Waya ta shiga aljihu mai zif.

Da ka shiga ƙofa

Za a haɗa ka da ɗan jagoran wurin ko da kai kaɗai ka zo, ba a yawo a kurmin nan gaba gaɗi. Farko akan zaunar da ku a wata rumfa mai zurfi a nuna muku wani tsohon fim baƙi da fari na 1967, na farfagandar yaƙi. Kada hankalinka ya tsaya a fim ɗin. Ka matsa kusa da taswira da samfurin da ke gefe, wanda ke nuna ramin kamar an yanka ƙasa gida biyu. A nan ne za ka ga yadda hawa ukun suka haɗu, da inda aka yi lanƙwasa mai ruwa don tare hayaƙi mai guba, da mafitar da ke ɓullewa a gaɓar kogi. Idan ka shiga ciki ba za ka ga ko ɗaya daga wannan ba, bayan na gabanka kawai za ka gani.

Daga nan sai zagaye. Za ku ga ƙofar ɓoye irin wadda na ba da labari, kuma za a ce mai so ya gwada. Dabarar ita ce ɗaga hannuwa sama, domin kafaɗa ce ke maƙalewa. Kafin ka zura ƙafa ka dubi ƙugunka ka dubi ramin, ka yi wa kanka adalci. Na ga wani ƙato da sai da mutum biyu suka kama hammatarsa suka zaro shi, jama'a na dariya.

Za ku ga tarkuna: rami mai murfin juyawa da tsinin gora a ƙasa, da masu kama ƙafa, da wanda ake ratayewa a bayan ƙofa. Asalin wasunsu tarkon namun daji ne na manoman yankin. Ɗan jagora yakan nuna su da sanda yana raha, amma ka tsaya ka dubi tsinin da kyau, jikin ɗan Adam aka yi su dominsa. Akwai wurin da ake nuna yadda suke yanka bama-baman da ba su fashe ba da zarto, ana zuba ruwa don kada su yi zafi, a kwashe albarushin a haɗa nakiya. Akwai masu yanka takalmi daga tsohuwar taya, sana'ar da ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. A Ben Dinh akwai gawar wata tankar yaƙin Amurka samfurin M41 da nakiya ta tashi da ita a 1970.

Abin da ya fi burge ni kuwa suri ne. Za ka ga tudun gara a gindin itace, ka wuce abinka, sai ɗan jagora ya nuna maka ƴan ƙananan huda a jikinsa. Ta nan iska ke shiga wa mutanen da ke ƙasa. Da aka fara zuwa da karnuka, sai suka riƙa barbaɗa barkono a bakin hudar, ko su ajiye sabulu da tufafin sojojin Amurka, kare ya sansana ya ji ƙamshin ubangidansa ya wuce.

Kada ka bar hanyar da aka share. Kwazazzaban da za ka gani zagaye, ciyawa ta rufe su, ramukan bam ne. Itatuwan da ke yi maka inuwa kusan duk bayan yaƙi suka fito.

Shiga ramin

A Ben Dinh, sashen da aka buɗe wa baƙi ya kai kimanin mita 100, da mafita a kowace mita 20. Ka riƙe wannan lissafin a ranka, shi ne zai kwantar maka da hankali.

Da farko, wa bai kamata ya shiga ba? Mai ciwon zuciya, mai asma, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mace mai ciki, mai ciwon baya ko gwiwa, da wanda ya san ƙirjinsa yana cushewa a cikin lif ko ɗaki mara taga. Wannan ba wurin gwada jarumta ba ne. Akwai hanya a sama, ka bi ta ka tarye su a mafita, ba abin da ya ragu daga ziyararka.

Idan za ka shiga, zaɓi matsayinka a layi. Mafi kyau shi ne bayan ɗan jagora kai tsaye, inda gabanka a buɗe yake, ko kuma can ƙarshe, inda babu mai tura ka. Tsakiya ce matsala: na gaba ya tsaya ɗaukar hoto, na baya ya matso, kai kuma ka rasa gaba ka rasa baya. Ka bar tazarar mita biyu tsakaninka da na gabanka. Ka sha ruwa kafin ka sauka, ka yi bisimilla.

Matakala ce za ta kai ka wani ɗan ɗaki, daga nan sai baki mai duhu a jikin bango. Tsayinsa bai wuce ƙugu zuwa ƙirji ba, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Tafiya iri biyu ce: ko ka tsuguna ka riƙa jan ƙafa kamar agwagwa, ko ka yi rarrafe. Dogo ya yi rarrafe kawai, ya huta da wahala. Ka sunkuyar da kai, ka dafa bango da hannu ɗaya. Bangon santsi gare shi, hannun dubban mutane ya goge shi, da ɗumi kamar jikin tukunya.

Mita biyar na farko wasa ne. Wajen ta goma ne iska ke canzawa. Tana da nauyi, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gumin mutane, kana ja kamar ba ta isa huhu. Ramin ba miƙaƙƙe ba ne, da gangan aka yi shi da kwana-kwana don kada harsashi ko ƙarfin fashewa ya bi shi ya zarce, saboda haka da na gabanka ya sha kwana, sai ka ga kai kaɗai ne. A daidai nan na ji zuciyata tana bugawa a kunnena. Abin da ya taimake ni shi ne na tsaya, na ja numfashi ta hanci a hankali sau uku, na ce da kaina saura taku kaɗan. Kada ka yi ƙoƙarin miƙewa, kada ka juya baya, babu wurin yin ko ɗaya. Mafita tana gaba, za ka ga haske da matakala a gefe.

A mita 40 na fita, ban ji kunya ba. Bayan nan ramin yana ƙara matsewa, yana gangarawa hawa na biyu, inda a wani wurin sai ka zauna ka zurara. A Ben Duoc kana iya cin karo da jemage, ya bi ta kunnenka ya wuce. Ba ya cizo idan ba ka kama shi ba.

Da ka fito, ka samu wuri ka zauna ka yi lissafi. Ramin da ya kusa fitar da ranka cikin minti biyar, an faɗaɗa shi ne, an share shi, an sa masa wuta. Na asali ya fi shi ƙunci, babu haske sai ƴar fitilar mai, ga kunama, ga shanshani, ga cinnaka. Idan luguden wuta ya yi tsanani, mutane sukan yi kwanaki ba su ga rana ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga cikinsu, bayan raunin yaƙi shi ne ya fi ɗaukar rai. A ciki ake yi wa masu rauni tiyata.

Murhu da rogo

Ƙarshen zagayen yakan kasance a madafa. Ka nemi a nuna maka murhun Hoang Cam, wanda aka sa wa sunan wani kukun soja da ya ƙirƙiro shi tun zamanin yaƙi da Faransa. Hayaƙin ba ya tashi a kan murhun. Ana jan sa ta wasu ramuka a ƙarƙashin ƙasa, yana ratsa ɗaki-ɗaki yana sanyi, sai ya fito can nesa yana bin ƙasa, siriri. Da asuba ake girki, lokacin da hazo ya kwanta, don hayaƙin ya saje da shi.

Za a zaunar da ku a benci a kawo dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri da sukari, da shayin wani ganye mai ƙamshi. Turawan da muke tare da su suna ta juya shi suna tambayar mene ne. Ni kuwa dariya ta kama ni, rogo da ƙuli ne aka canza wa riga. Shi ne abincin mayaƙan idan shinkafa ta yanke. Ci abinka, halal ne. Abin da za ka kiyaye shi ne rumfar da ake nuna yadda ake yin fefen shinkafa, domin a gefenta akan miƙo ɗan kofi a ce ka ɗanɗana. Giyar shinkafa ce, fara tas kamar ruwa. Haka kwalaben da za ka gani a kanti da maciji a ciki.

Filin harbi

Tun kana tsakiyar kurmi za ka riƙa jin ƙarar bindiga. Akwai filin da baƙi ke sayen harsashi, yawanci goma-goma, su harba AK-47 ko M16 da aka ɗaure a jikin katanga. Na faɗa maka tun yanzu don kada ta zo maka ba zato, musamman idan kai ko abokin tafiyarka kun fito daga inda aka san wannan ƙara ba a wasa ba. Ni ban harba ba, kuma ban ga abin da zai ƙara wa mutum ba a wurin da dubbai suka mutu. Wanda ya ga zai yi, ya sa abin toshe kunne, ya bi umarnin jami'in da ke wurin. Wanda ba ya so, ya gaya wa ɗan jagora ya wuce da shi gaba, domin shagon shan ruwan yana manne da filin, ba wurin hutawa ba ne.

A zauren tunawa na Ben Duoc kuwa, a cire takalmi, a rage murya. Za ka ga iyalai suna kunna turaren wuta suna bin bango da yatsa, suna neman sunan nasu. Kada ka sa musu kyamara a fuska.

Salla da abinci

Kada ka sa ran samun masallaci ko abincin halal a wurin. Ka tafi da ƴar sallaya, ka nemi gefe mai tsabta, ba mai tsangwamarka. Sai dai ka tuna, a can alƙibla tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Bahaushen da ya saba cewa ya fuskanci gabas sai ya yi hattara, ya duba manhajar alƙibla tun yana da intanet.

Naman alade yana cikin abincinsu sosai, har a romo da cikin burodi. Idan ayarinku ya haɗa da abincin rana, ka sanar tun wajen biyan kuɗi, ko ka riƙe guzurinka. A cikin birni kam babu damuwa. Babban masallacin Saigon yana kan titin Dong Du, Musulmin kudancin Indiya ne suka gina shi a 1935, kuma akwai gidajen abincin halal a kewayensa. Haka titin Nguyen An Ninh da ke gefen kasuwar Ben Thanh, inda ƴan Malesiya ke yawan sauka. Idan ziyararka ta faɗo ranar Juma'a, ka ɗaga ta, ba za ka dawo kan lokaci ba.

Bayan ka dawo

Idan kana da sauran kwana, ka je gidan tarihin kayayyakin yaƙi da ke cikin birni, wanda direbobi suka sani da War Remnants Museum, inda hotuna ke nuna abin da ke faruwa a saman ƙasa lokacin da waɗancan ke ƙarƙashinta. Hotunan masu tayar da hankali ne, kada a shiga da ƙananan yara sashen gubar da aka fesa. Tafiyar ƴan mintuna daga nan akwai fadar shugaban tsohuwar Biyetnam ta Kudu, wadda tankokin Biyetnam ta Arewa suka fasa ƙofarta ranar 30 ga Afrilun 1975. Wanda tafiyarsa ta kai tsakiyar ƙasar kuma, akwai ramukan Vinh Moc a Quang Tri, inda ƙauye guda ya koma ƙarƙashin ƙasa don tsira daga bam, har aka haifi jarirai 17 a ciki. Su sun fi tsayi, ana tafiya a ɗan duƙe, sun fi dacewa da wanda gwiwa ta hana shi Ku Ci.

Kayan da ka shiga rami da su, ka jiƙa su a daren, kafin jar ƙasar ta zauna. Kuma kada ka sa doguwar tafiyar jirgi washegari. Cinyoyina sai da suka yi kwana biyu suna tsami, tashi daga sujada ma sai na dafa gado.